Gilashi mai doro, na Fresnel, mai matakala ko mai ginshiƙai: wanne ya dace da na'urarka?

Wayoyin zamani sun sirance, amma kyamararsu ta ƙi bin sahu, sai ma tozo da take ƙara yi a baya. Dalili kuwa, a cikin wannan tozon an jera ƙananan gilasan roba shida, bakwai, wani lokaci har takwas, kowanne yana gyara kuskuren na gabansa kafin haske ya isa ga sensa. Shi ya sa tun daga 2016 ake ta yayata labarin wani gilashi shimfiɗaɗɗe, marar doro, wanda aka dasa wa ƙananan ginshiƙai a fuskarsa, masana suna kiransa metalens. Wanda ke haɗa na'ura, ko ɗalibin da zai zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ko mai sayen kayan ɗakin gwaji, yakan tsaya yana tunani: shin lokaci ya yi da za a bar tsohon gilashi, ko kuwa da sauran rina a kaba?

Zaɓi huɗu ne a gabansa, kuma dukkansu aiki ɗaya suke yi. Haske igiya ce mai tafiya, kamar igiyar ruwa, kuma yana rage sauri idan ya shiga gilashi. Ka ɗauka sahun mutane ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai na tsakiya suka shiga rairayi suka rage sauri, na gefe kuma suka ci gaba a kan ƙasa mai tauri. Dole sahun ya lanƙwashe, kowa ya fuskanci tsakiya. Haka gilashi yake tattara haske: ya jinkirta na tsakiya fiye da na gefe. Bambancin nau'o'in huɗu yana wajen dabarar da kowanne ke bi ya samar da wannan jinkiri.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma a ganina shi ne ke yanke hukunci a mafi yawan lokuta: launi nawa na haske za ka yi aiki da shi? Hasken da ido ke gani yana da tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tozon igiya ɗaya da na gabansa, daga kimanin nanomita 400 a ɓangaren shuɗi zuwa 700 a ɓangaren ja (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Kyamarar ɗaukar hoton biki tana bukatar dukkan wannan faɗin. Sensa mai auna nisa da leza kuwa launi ɗaya tak take amfani da shi, galibi nanomita 940, wanda ido ba ya gani.

Na biyu, faɗin gilashin da kake so, milimita biyu ne ko santimita biyar. Na uku, guda nawa za ka yi, domin kuɗin guda goma da na guda miliyan goma ba lissafi ɗaya ba ne. Sai ƙarko a gaban zafi, ƙura da hannun mai sharewa. Sai sauƙin samu da sauƙin haɗawa. Sai kuma haɗarin da ke tattare da dogaro da shi.

Gilashi mai doro

Wannan shi ne na gado, mai kauri a tsakiya da siranta a baki. Ƙa'idar lanƙwasar haske da yake aiki da ita tsohuwa ce. Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza a shekarar 984, ƙarnoni shida kafin masanin ƙasar Holan Snell ya sake gano ta a 1621. Kaurin gilashin ne ke kawo jinkirin, shi ya sa yake da nauyi da cin wuri.

Wajen launi ba shi da na biyu. Gilashi guda ɗaya na yau da kullum yana raba matattarar ja da ta shuɗi da kimanin kashi 1.5 cikin 100 na nisan matattara (tazarar da ke tsakanin gilashi da inda haske ke taruwa) kawai, kuma tun ƙarni na 18 aka san maganin wannan: a manna gilasai biyu masu hali daban, kuskuren ɗaya ya cinye na ɗaya. John Dollond ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1758. Idan an shafa masa maganin hana ƙyalli, kusan duk hasken da ya shiga yana fita ta ɗaya gefen.

Farashinsa ya kasu biyu. Na roba, wanda ake zubawa a mazubi, yana da araha ƙwarai idan za a yi da yawa. Kamfanoni irin su Largan a Taiwan da Sunny Optical a Sin suna fitar da su ba adadi domin wayoyi. Kuɗin yana wajen sassaƙa mazubin farko. Na gilashin gaske, wanda ake gogewa, ya fi tsada guda-guda, amma ga shi nan a kundin kayan kamfanoni irin su Thorlabs ko Edmund Optics, ka zaɓi faɗi da nisan matattara a aiko maka ko da ɗaya kake so.

Ƙarko kuma, na gilashi yana jure shafa da rana da shekaru. Na roba yana da rauni ɗaya da ya kamata mai aiki a ƙasa mai zafi ya sani: roba irin ta akirilik tana buɗewa da zafi kimanin ninki goma na gilashi, matattara ta gusa, hoton da ya fito tas da safe ya ɗan dushe da azahar. Masu ƙira sun san da haka suna yi masa tanadi, sai dai tanadin yana ƙara yawan gilasai. Haɗarin dogaro da shi kaɗan ne, masu yinsa suna da yawa.

Gilashin Fresnel

Augustin Fresnel ya lura cewa doron fuska ne ke lanƙwasa haske, tulin gilashin da ke ciki nauyi ne kawai. Sai ya yayyanka doron zobe-zobe, ya kwantar da su a kan shimfiɗa ɗaya. An ɗora irin wannan gilashi a hasumiyar haska jiragen ruwa ta Cordouan a Faransa a 1823.

Ba sai ka je Faransa ba kafin ka gan shi. Duba fitilar sola mai kunna kanta idan mutum ya gifta, irin wadda ta cika ƙofofin gidaje da shaguna. Farar ƙwallon roba da ke ƙasanta, idan ka ɓalle ta ka ɗaga wa rana, za ka ga cikinta an rarraba shi gida-gida, kowane gida da zobbansa masu ƙanƙanta. Kowane gida gilashin Fresnel ne, yana tattara ɗumin jikin mutum, mai tsawon zango kusan maikromita 10 (maikromita ɗaya nanomita dubu ne), zuwa kan sensa. Da robar polietilin ake yinta saboda gilashin taga ba ya barin wannan hasken ya wuce.

Shi ne mafi araha idan ana son faɗi babba da rashin nauyi. Matsalarsa ingancin hoto: kowane zobe yana da tsayayyen bango da ke watsar da wani ɓangare na haske, sai ka ga ƙyalli da dishi-dishi kewaye da abu mai haske. Masu amfani da tabarau na duniyar kwamfuta irin Quest 2 sun daɗe suna kuka da wannan, har kamfanin da ke yinsu ya bar shi a Quest 3 a 2023. Rana tana cin robar a hankali, ta yi ruwan ɗorawa ta tsage, ƙurar hunturu kuma idan ta samu shiga ramukan zobban ba ta fita da sauƙi, don haka a juya fuskar zobban ciki.

Gilashi mai matakala

Daga nan dabara ta sauya. Juya faifan CD a ƙarƙashin fitila, launukan bakan gizo za su bayyana a kansa alhali ba fenti. Layukan da ke jikinsa sun matsu sosai har igiyoyin haske suna karo da juna, su ƙarfafa juna a wata fuska, su kashe juna a wata. Gilashi mai matakala yana amfani da wannan da gangan. Ana sassaƙa zobba masu zurfin kusan maikromita ɗaya, kowane zobe a yi shi hawa-hawa kamar matakalar bene. Tunda igiya tana maimaita kanta, ba a bukatar jinkirin da ya wuce tsawon zango ɗaya. Idan an kai nan sai a koma farko.

Yawan hawan shi ke nuna yawan hasken da zai isa inda ake so: hawa 2 kimanin kashi 41 cikin 100, hawa 4 kashi 81, hawa 8 kashi 95, hawa 16 kashi 99. Kowane ƙarin hawa ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, amma da zarar an sami uwar zubi, ana iya buga kwafinsa a roba da araha. Fasaha ce da ta nuna tun ƙarshen shekarun 1980, kuma tana cikin kayan da mutane ke riƙe da su: na'urar wasan bidiyo Kinect ta 2010 da tsarin gane fuska na iPhone X na 2017, wanda ke watsa ɗigon haske sama da 30,000 a fuska, duk da irin wannan gilashi suke rarraba hasken leza.

Ciwonsa launi ne, kuma ciwon mai tsanani ne. Nisan matattara yana raguwa daidai da yadda tsawon zango ke ƙaruwa. Idan an ƙera shi ya tattara koren haske mai nanomita 532 a nisan milimita 10, ja mai 660 zai taru a wajen milimita 8, shuɗi mai 450 kuma sai kusan milimita 12. Kwatanta wannan da kashi 1.5 na gilashi mai doro. Abin sha'awa shi ne kuskuren nasa kishiyar na mai doro ne, a can shuɗi ke taruwa kusa, a nan ja. Kamfanin kyamara Canon ya ci moriyar wannan a 2001 da dogon gilashinsa mai nisan matattara milimita 400, Nikon ma ya bi a 2015 da na milimita 300 wanda nauyinsa ya kusan rabin na wanda ya gada. Sun haɗa nau'in biyu ne a gida ɗaya, kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Rauni na biyu yana bayyana idan ana son lanƙwasa haske sosai. Zobban baki suna matsewa, bangon kowane hawa ya riƙa yi wa na kusa da shi inuwa, haske ya ɓace.

Gilashi mai ginshiƙai

A nan ba doro, ba hawa. Fuskar gilashin shimfiɗe take, an dasa mata ginshiƙai masu tsayi ɗaya, kowanne ya fi tsawon zangon hasken siranta. Abin da ke bambanta su kauri ne ko fuskar da suka juya. Ginshiƙi mai kauri yana riƙe haske ya jinkirta shi da yawa, siriri kuma kaɗan, don haka mai ƙira yana rubuta jinkirin da yake so a kowane ɗigo na fuskar ta hanyar zaɓen ginshiƙin da zai tsaya a wurin. Ana bukatar abu mai lanƙwasa haske da ƙarfi: ma'aunin lanƙwasa haske na gilashi kusan 1.5 ne, na silikon naitiraid kusan 2, na titaniyom dayoksaid kusan 2.4, na silikon kuma wajen 3.5 a hasken infared na kusa, wanda ke gaba kaɗan da ja kuma ido ba ya gani. Tunda tsayin ɗaya ne, sassaƙa ɗaya ta isa, da injinan da ake buga cip na kwamfuta.

Philippe Lalanne da abokan aikinsa a Faransa sun nuna tun ƙarshen shekarun 1990 cewa irin waɗannan ginshiƙai sun fi matakala riƙe haske idan lanƙwasar ta yi tsanani, kuma ina ganin ba a cika ba su haƙƙinsu ba idan ana ba da tarihin. Fagen ya buɗe sosai ne a 2011, lokacin da rukunin Federico Capasso a jami'ar Harvard suka jera ƙananan eriyoyin zinare masu siffar V a kan silikon suka karkatar da hasken infared yadda suka ga dama. Zinare yana shan haske, don haka asara ta yi yawa. A 2016 rukunin ya koma titaniyom dayoksaid, ginshiƙai masu tsayin nanomita 600, wato sun fi gashin kai siranta fiye da ninki ɗari, suka tattara hasken da ido ke gani da kaifin da ya yi gogayya da gilashin madubin likita mai tsada. Amma kowane gilashi launi ɗaya aka yi masa: 405, 532 ko 660.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne abin da kanun labarai suka saba tsallakewa. Gilashi mai ginshiƙai ɗan gidan su mai matakala ne, ciwon launinsu ɗaya. A 2018 an fitar da waɗanda suka haɗa launuka a matattara guda, ta hanyar ƙera ginshiƙai masu siffofi iri-iri da ke jinkirta kowane launi daban, sai dai faɗinsu bai kai rabin milimita ba. Akwai dalili a ilimin haske: domin a daidaita launuka, dole hasken da ya bi ta tsakiya ya jira wanda ya bi ta baki, kuma iya jiran da ginshiƙi mai tsayin ƙasa da maikromita ɗaya zai iya tilastawa ɗan kaɗan ne. Gilashi na ƙara faɗi, jiran da ake bukata na ƙaruwa, ginshiƙin ya gaza. Wata hanyar ita ce a bar kwamfuta ta gyara hoton daga baya, kamar kyamarar da jami'o'in Princeton da Washington suka nuna a 2021, mai faɗin rabin milimita da ginshiƙai miliyan 1.6. Ta burge, amma nauyin ya koma kan lissafi da batir.

Akwai kuma wani abin da ake mantawa. Ginshiƙan ne sirara; faifan gilashin da suke tsaye a kai yakan kai rabin milimita, kuma tazarar da haske ke bukata daga gilashi zuwa sensa tana nan ba ta tafi ko'ina ba. Ribar gaske tana zuwa ne idan faifai ɗaya ya maye gurbin gilasai uku ko huɗu, ko ya yi ayyuka biyu a lokaci guda, ya miƙar da hasken leza kuma ya rarraba shi ɗigo-ɗigo.

Inda ya riga ya ci kasuwa ke nan. Kamfanin Metalenz, wanda ya fito daga ɗakin binciken Capasso, ya haɗa kai da STMicroelectronics, a 2022 aka fitar da sensa mai auna nisa VL53L8, wadda ke aiki da hasken nanomita 940, tana raba abin da ke gabanta gida 64 har zuwa nisan mita 4. Ana buga gilasan a masana'antar STMicroelectronics da ke Crolles a Faransa, a kan faifai mai faɗin milimita 300. Launi ɗaya, gilashi ƙarami, adadi mai yawa: duk sharuɗɗan sun cika.

Lissafin farashinsa na fili ne, kamar na cip. Faifan milimita 300 zai ba da gilasai masu faɗin milimita 2 sama da dubu goma, amma masu faɗin milimita 25 da ƙyar su kai ɗari, kuma kuɗin sarrafa faifan bai sauya ba. An yi manya domin nuna cewa zai yiwu, har da mai faɗin santimita 10 da ginshiƙai biliyan 18.7 da Harvard ta sanar a 2024, wanda ya ɗauki hoton rana da wata. Wannan aikin bincike ne, ba kayan shago ba. Ga mai son guda biyar na gwaji, sai ya nemi ɗaki marar ƙura da injin zane da elektiron, wanda ke zana ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya. Gilashi mai faɗin santimita ɗaya yana ɗauke da ginshiƙai sama da miliyan ɗari.

Wajen ƙarko yana da fuska biyu. Yana jure zafin tandar da ake liƙa kayan lantarki a allo, wajen digiri 260, abin da robar yau da kullum ba za ta iya ba. Amma ginshiƙan da ke fili ba a shafa su da ƙyalle, maiƙon yatsa ma idan ya cike tsakaninsu ya ɓata lissafin. Dole a rufe su cikin gida ko a lulluɓe su. Haɗarin kuwa: masu yinsa kaɗan ne, takardun mallakar fasaha suna da yawa, kuma shi da mai matakala duka suna barin wani ɗan haske ya wuce kai tsaye ba tare da ya karkata ba. Idan leza ce ke haska fuskar mutum, wannan zancen lafiyar ido ne, a auna shi kafin a sayar.

Abu ɗaya da yake yi wanda sauran uku ba sa yi da kansu shi ne rarrabe haske bisa fuskar da igiyarsa ke kaɗawa. Ginshiƙi mai faɗi ta gefe ɗaya yana yi wa kowace fuska hali daban. A 2019 rukunin Capasso ya nuna ƙaramar kyamara mai ganin wannan sifa ta haske da faifai ɗaya, aikin da a da sai da tarin kayan juyawa. A nan ne nake ganin makomarsa ta fi haske. Ban da wannan fage, Rajesh Menon na jami'ar Utah da abokansa sun yi jayayya a 2019 cewa gilashi mai matakala da aka ƙera da kyau yana yin yawancin abin da ake yabon mai ginshiƙai da shi, cikin sauƙi. Idan lanƙwasar da kake so matsakaiciya ce, maganarsu tana da ƙamshin gaskiya.

| Ma'auni | Mai doro | Fresnel | Mai matakala | Mai ginshiƙai |
|---|---|---|---|---|
| Launuka da yawa | Madalla | Matsakaici | Rauni, sai an haɗa da mai doro | Rauni, sai ƙarami sosai |
| Kaifin hoto | Mafi kyau | Ƙasa | Mai kyau a launi ɗaya | Mai kyau a launi ɗaya |
| Kauri da nauyi | Mai yawa | Kaɗan | Kaɗan ƙwarai | Kaɗan ƙwarai |
| Kuɗin guda kaɗan | Mai sauƙi | Mafi araha | Mai tsada idan na musamman ne | Mafi tsada |
| Kuɗin miliyoyi | Araha a roba | Araha | Araha | Araha idan ƙarami ne |
| Ƙarko | Gilashi na jurewa, roba na jin zafi | Rana da ƙura na cinsa | Sai an rufe | Yana jure zafi, ba ya jure shafa |
| Sauƙin samu | Ko'ina | Ko'ina | Kamfanoni na musamman | Kamfanoni ƙalilan |

Wa zai ɗauki wanne

Mai son hoto mai launi, ko kyamarar tsaro ce, ko madubin duba jini a asibiti, ko na hangen nesa, ya tsaya a kan mai doro, kuma idan na'urar za ta yini a rana ya fifita na gilashi a kan na roba. Idan nauyi ya dame shi, ya nemi wanda aka haɗa da fuska mai matakala a ciki.

Mai son tara haske kawai ba tare da damuwa da hoto ba, fitila, sensar motsi, tattara hasken rana a kan tukunya ko faifan sola, Fresnel ya ishe shi, kada ya kashe kuɗi a kan wani abu.

Mai aiki da leza da ke son rarraba haske ko sauya siffarsa, kuma adadin da zai yi ɗaruruwa ne ko dubbai, ya fara tambayar masu yin mai matakala. Ya koma ga mai ginshiƙai ne idan kusurwar da yake so ta yi faɗi har haske ya fara ɓacewa, ko yana son ayyuka biyu a faifai ɗaya.

Mai ginshiƙai na wanda ke da launi ɗaya ne, gilashin da bai wuce 'yan milimitoci ba, wuri matsattse, da odar da ta kai miliyoyi. Ko kuma wanda aikinsa ya rataya a kan fuskar kaɗawar haske. Shi ma ya fi masa sauƙi ya sayi sensar da aka riga aka haɗa da gilashin a ciki da ya ce zai ƙera nasa. Ɗalibin da ke son shiga fagen kuwa ba sai yana da ɗaki marar ƙura ba kafin ya fara: ƙirar ginshiƙan da gwajin yadda haske zai bi ta cikinsu duk a kwamfuta ake yi, akwai manhajoji na kyauta irin su Meep da aka rubuta a MIT, sassaƙawar kuma a nemi haɗin gwiwa da jami'ar da ke da injin.